Sabon Injiniya Da Takardar Neman Aiki

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun yaye ɗalibansu, sai ka ga samari da 'yan mata sun nufi wurin malamansu na dā, ko wurin wani kawu akawu, riƙe da takarda a duba musu. Watau takardar nan da mai neman aiki ke jera karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. Tambayar da muka fi ji daga bakin waɗanda suka karanta aikin injiniya ita ce: "Malam, na yi tsaron kanti shekara biyu, in sa ko in bari?" Galibi akan ce musu su bari, wai kada a raina su. Mu dai ba mu yarda da wannan shawara ba.

Lalle akwai abin da ya kamata ya zo a gaba. Yaron da ya yi shekara 5 a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko wata irinta, sai ya fara da digirinsa, sa'an nan aikin bincikensa na shekarar ƙarshe, da watanni 6 ɗin nan da ya yi a masana'anta ko wurin gini yana koyon aiki, da shekarar bautar ƙasa. Wannan ba gardama.

Amma mu duba abin da injiniya ke yi in an tura shi ginin gada ko asibiti. Lissafin ƙarfe da kankare rabin aikin ne kawai. Sauran kuwa mutane ne da kaya: leburori 40 da za a rubuta sunayensu a biya su ran Asabar, buhunan siminti da za a ƙidaya safe da yamma, ɗan kwangila mai son a sa masa hannu kafin aiki ya kai. Ba a koyar da wannan a aji. To, yaron da ya riƙe littafin kuɗin kantin kawunsa a Kantin Kwari shekara biyu ba a taɓa samun gibi ba, ashe bai koyi kome ba? Wadda ta tsaya gaban aji na yara 60 ta sa suka yi shiru, ba za ta iya da magina ba? Ku malaman makaranta kun fi kowa sanin amsar.

Akwai kuma batun shekaru. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki kusan wata 9, a 2022 suka ƙara wata 8. Wasu ɗalibai sun kwanta gida, wasu suka kama tuƙin a-daidaita-sahu, ko ɗinki, ko noman rani. Mai ɗaukar aiki in ya ga sarari a takarda, zai cike shi da zatonsa, zato kuwa ba kullum yake da kyau ba. Gara yaro ya cike da gaskiya.

Abin da muke tsoro shi ne wuce gona da iri. Mun ga takardar da mai tsaron shago ya mai da kansa "babban manaja", aka yi masa tambaya biyu ya rasa ta cewa, aikin kuwa ya kuɓuce masa. Haka kuma kada yaro ya tsammaci hukumar rajistar injiniyoyi, wadda aka kafa a 1970, za ta lissafa masa shekarun kanti cikin shekarun aikin da take nema kafin ta yi masa rajista. Ba za ta lissafa ba, kuma daidai ta yi.

Saboda haka in an kawo muku takarda, ku tambayi yaron abin da aka danƙa masa a wurin aikin: kuɗi nawa, mutum nawa, wata nawa. In akwai amsa, a rubuta ta layi biyu a ƙasan shafi, da sunan wurin da shekarun, ba ado. In aikin na mako biyu ne, ko babu wanda zai shaide shi, a bar shi. Ran da ya yi shekara 3 ko 4 yana aikin injiniya sosai, shi da kansa zai goge layin don ya sami wurin rubuta gadojin da ya gina.