Wanda Ya Ɗaure Wasa Bai Cancanci Canjaras Ba

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, na san wasu za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da kartar Turawa. To, a yi mini haƙuri, batun adalci ne, adalci kuwa ba shi da ƙabila.

Wasan da nake nufi shi ne Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield, masanin lissafi, ya ƙago, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993. Kowane kati da aikin da aka rubuta masa. Wani lokaci aikin wannan ya tayar da na wancan, na wancan ya sake tayar da na farko, a yi ta kewaye ba ranar tsayawa.

Dokar wasan ta kasa irin wannan kewaye gida biyu. In ɗan wasa yana da ikon tsayawa, sai ya faɗi adadi, ko sau 50 ko sau miliyan, a ɗauka ya yi, sannan dole ya yi wani abu dabam. Wannan ba ni da ja a kansa. Amma in kewayen na tilas ne, kuma ba wanda ya katse shi, doka ta ce an yi canjaras. Nan fa muka raba gari da su.

Ga misali. Katin Worldgorger Dragon, na 2002, in ya shigo fage yakan kawar da duk sauran katunan mai shi da ke fagen, in ya fita su dawo. Animate Dead kuwa yakan tayar da dabbar da ke maƙabarta, amma da zarar shi ya bar fage, dabbar ta mutu. A tayar da dodon da shi: dodo ya kawar da katin da ya tayar da shi, dodo ya mutu, kati ya dawo ya nemi gawa. In babu wata gawa sai ta dodon, haka za a yi ta yi har gobe. Tsautsayi ne wannan? Ko kusa! Mutumin da ya ga kaye ya taho ne yakan haɗa su da gangan. A gasa kuwa, inda aka saba ba da minti 50 ga kowane zagaye, mai cin wasa biyu shi ne gwani, wanda ya ci na farko yana iya ɗaure na biyu, lokaci ya ƙare, ya tashi da nasara. Ɗan kokawar da ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa ya kashe fitilar dandali, a ce wai ba a yi kaye ba?

Masu kare dokar suna da hujja, ba zan ɓoye ta ba. A 2019 Alex Churchill da abokan aikinsa biyu sun nuna cewa ana iya jera katunan wasan su yi aikin kwamfuta, har a kai inda babu dabarar da za ta tabbatar ko wasa zai ƙare. Saboda haka, in ji su, kada a ɗora wa alƙali neman mai laifi. Na yarda da lissafin. Sai dai wancan jeri na musamman ne, sai an zauna an tsara shi. Kewayen dodo kuwa kati biyu ne rak, kuma kowa ya ga hannun da ya ajiye su.

Ba ma sai an je nesa ba. A gasar Yu-Gi-Oh, alƙali yakan duba katin da ya jawo kewayen ya tura shi maƙabarta, a ci gaba da wasa. Ni a ganina ko a yi haka, ko kuwa a rubuta ƙarara cewa wanda ya ajiye katin ƙarshe da ya ɗaure wasa, alhali yana da wani zaɓi, shi aka ci.