Ƙwayar Man Kifi Ba Ta Tare Gigin Tsufa

A kantar kemis na manyan garuruwanmu akwai kwalbar da ba ta rasa gurbi a gaba-gaba: ƙwayoyi masu laushi, masu ruwan zinariya, da hoton kifi a jikin takardar, wani sa'in har da zanen ƙwaƙwalwa. Man kifi ne, wanda ake kira omega-3. Cikin masu sayensa akwai 'ya'yan da suka lura Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, ko Inna ta fara kiran jika da sunan ubansa. Niyyarsu ba abin zargi a cikinta. Sai dai hujjojin da likitoci suka tara cikin kusan shekara talatin ba su goyi bayan wannan ciniki ba, kuma wani sashe mai nauyi na hujjojin a Najeriya aka samo shi.

Ba haka kawai aka ɗora wa man kifi wannan fata ba. Wani nau'in omega-3 mai suna DHA yana cikin kayan da aka gina fatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da su, kuma ɗan kaɗan jiki yake iya ƙerawa daga man tsirrai. Inda ya fi yawa shi ne kifin teku mai maiƙo, irin su taitus da shawa da sadin. A 2003 wata mai bincike, Martha Clare Morris, ta wallafa sakamakon bibiyar tsofaffi 815 a Cikago: masu cin kifi aƙalla sau ɗaya a mako sun fi tsira daga cutar Alzheimer, wani nau'in gigin tsufa, da kusan kashi 60 cikin ɗari. Daga nan kowa ya ɗauka cewa idan aka tatse man aka ɗura shi a ƙwaya, an gama.

Da aka zo gwaji na haƙiƙa, wanda ake raba mutane biyu da ƙuri'a a ba wasu man a ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, sai labari ya sha bamban. A wani gwaji da aka wallafa a 2010 an ba masu cutar a Amurka giram 2 na DHA kullum har wata 18, cikin mutum 402, cutar ba ta sassauta gudu ba. Wani gwajin da aka wallafa a 2015 ya bi tsofaffi fiye da 3,000 na kusan shekara biyar, ba a ga bambanci a tunaninsu ba. A Faransa an gwada mutum 1,680 masu shekara 70 zuwa sama na tsawon shekara uku, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna amfanin man ba. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da shawarar shan irin waɗannan ƙwayoyi don kare kai daga gigin tsufa. Dalilin saɓanin ba ɓoyayye ba ne. Mai cin kifi a kai a kai yakan kasance ya rage jan nama da kitse, yakan kuma fi samun hali da ilimi da kulawar asibiti. Kwalba ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Masu kare ƙwayar suna da amsa, kuma amsa ce da ta cancanci a saurara. Sun ce an cakuɗa mutanen da gadonsu ya bambanta. Akwai ƙwayar gado mai suna APOE, wadda aikinta jigilar maiƙo da kolestarol ne a jini da ƙwaƙwalwa, kuma tana zuwa kala uku: e2 da e3 da e4. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke suka nuna cewa e4 tana ɗaga haɗarin Alzheimer. A tsakanin Turawa, wanda ya gaje ta daga mahaifi ɗaya haɗarinsa yakan ninka kusan sau uku, wanda ya gaje ta ta uwa da uba kuwa sau goma ko fiye. To, ba mamaki man yana amfanar wani rukuni, amfanin ya ɓace cikin taro. Matsalar ita ce ba a ma daidaita kan wane rukunin ba. Gwajin 2010 ya ɗan nuna alamar amfani ga waɗanda ba su da e4. A 2016 kuma Morris ta duba ƙwaƙwalwar mamata ta ga alamun cutar sun ragu cikin masu cin abincin teku, amma masu e4 kaɗai. Hasashe ne da ya kamata a ci gaba da gwadawa, amma bai kai a karɓi kuɗin tsoho a kansa ba.

Nan ne binciken Ibadan yake shigowa. Tun 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka soma bibiyar Yarabawa 'yan shekara 65 zuwa sama da kuma baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanapolis, fiye da mutum 2,000 kowane ɓangare, da ma'auni iri ɗaya. Adesola Ogunniyi ya ci gaba da aikin bayan rasuwar Osuntokun. A 2001 aka sanar cewa kashi 1.15 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da Alzheimer a shekara, na Indiyanapolis kuwa kashi 2.52. Ga shi e4 ba baƙuwa ba ce a jinin Yarabawa, ta ma fi yawa a cikinsu fiye da Turawa, amma ƙarfinta a Ibadan ya yi rauni ƙwarai. Tsofaffin nan ba man kifi na kwalba suke sha ba. Abin da aka gani shi ne kolestarol ɗinsu ƙasa yake, hawan jini da ciwon suga ma ba su yi musu katutu kamar na Amurka ba. Gaskiya ne binciken bai yanke cewa abinci ne kaɗai sila ba, don an gano daga baya cewa sauran gadon da ke kewaye da e4 a jinin 'yan Afirka ma yana rage mata kaifi. Ko ta wace fuska aka duba, lissafin haɗarin da aka yi da jinin Turawa ba zai zauna daidai a kanmu ba.

Wani zai ce ai ko ba ta yi amfani ba, ba ta cutarwa. A ƙaramin awo haka ne galibi, ko da yake manyan gwaje-gwajen zuciya sun nuna awo mai yawa yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya. Cutarwar da ta fi damuna ita ce ta aljihu da ta hankali: gidan da ya sayi kwalba yakan ji ya sauke nauyi, alhali an yi watanni ba a auna jinin tsohon ba. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ake iya gyarawa, ya kuma ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa a duniya. Akwai hawan jini, ciwon suga, taba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani, kaɗaici, da yawan mugun kolestarol. A Finlan, gwajin da Miia Kivipelto ta jagoranta kan mutum 1,260 ya haɗa gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini, kuma a 2015 aka ga amfani, daga baya ma aka ga har ga masu e4.

Saboda haka maganar maiƙo a tukunya take. Kitse da man shanu da manja suna da nau'in mai da ke ɗaga mugun kolestarol idan aka yawaita, man gyaɗa da na waken suya sun fi sauƙi ga jijiyoyin jini, ko da yake na gyaɗa kusan ba shi da omega-3. Tarwaɗa da karfasa ba su kai taitus DHA ba, amma idan suka maye gurbin tsoka mai kitse sau biyu a mako an ci riba. Gara a sa kuɗin kwalbar a sayen kifin da biyan awon jini da na suga a asibiti mafi kusa.