Raba Daidai Ba Adalci Ba Ne a Ginin Makarantu

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan 'yan siyasa da talakawan Nijeriya, wai duk kuɗin da ya fito daga Abuja adalcinsa shi ne a raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi. A kanta aka ɗora rabon kuɗin gina makarantun firamare da ƙananan sakandare, kuma ita ce ke cutar yaran da aka ce dominsu aka ware kuɗin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kaso mafi tsoka a ciki kuwa shi ne tallafin da jiha ke karɓa bayan ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Wannan tallafi kowace jiha rabonta ɗaya. Kano mai ƙananan hukumomi 44, wadda ƙidayar 2006 ta ce mutanenta sun haura miliyan 9, abin da za ta samu shi Bayelsa za ta samu, mai ƙananan hukumomi 8 da jama'ar da ba su kai miliyan 2 ba a waccan ƙidayar. Gidan mutum ashirin da gidan mutum huɗu an auna musu mudu ɗaya-ɗaya, an ce an yi adalci.

Cutar ba ta tsaya a Abuja ba. Kuɗin na isowa jiha sai a sake yanka shi ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, mazaɓa-mazaɓa, don kada wani ɗan majalisa ya ce an mayar da yankinsa saniyar ware. Shi ma ɗan majalisar ya zo da aikin mazaɓarsa, ya kafa ajujuwa biyu a bakin titi inda masu wucewa za su ga sunansa a bango. Sakamakon a fili yake. A wani ƙauyen ginin na nan da sabon fenti, ƙofa a garƙame, babu malami, awaki ke shan inuwa a barandarsa. A unguwannin da ke cika suna batsewa a gefen manyan birane kuwa, yara fiye da ɗari ne zaune a ƙasa cikin aji ɗaya, iskar farkon damina ta yaye kwanon rufi, malami na ta ɗaga murya na baya ba sa ji, alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makarantun almajirai fiye da 150 da gwamnatin Jonathan ta gina, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a 2012, sun isa darasi: an zuba siminti kafin a tantance wa zai ciyar, wa zai biya albashi, da yawansu suka lalace.

Masu kare raba daidai za su ce gini a yankin ruwa irin Bayelsa ya fi tsada, sai an yi ciko, sai an yi dakon kaya a kwalekwale. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce ta a riƙa lissafa tsadar gini a kowane yanki, wato a auna buƙata, abin da raba daidai ya ƙi yi tun farko. Za su kuma ce akwai kason da aka ware domin cike giɓin ilimi tsakanin yankuna. Akwai shi, sai dai ɗan tsiririt ne kusa da babban tallafin. Hujjar da ta fi ciwo ita ce cewa gwamnoni da yawa, har da na Arewa, sukan bar kuɗin jibge a UBEC shekara da shekaru saboda sun ƙi ajiye nasu kason, don haka me zai sa a ƙara musu? Abin kunya ne, babu mai wanke su. Amma yaron da ke zaune a turɓaya ba shi ya ƙi biya ba, kuma sharaɗin nan kansa ya fi danne jihar da kuɗin shigarta ya yi ƙaranci, wadda sau da yawa ita ce yaranta suka fi zama a gida.

Kayan auna buƙatar suna hannu. Ma'aikatun ilimi na jihohi suna ƙidayar makarantu, suna da adadin ɗalibai da ajujuwa da malamai da banɗakuna. Abin da ya rage shi ne doka ta ɗaure kuɗin da waɗannan alƙaluma, a wallafa su kowa ya gani don kada a yi musu aringizo, kuma kada a kafa tubali ko ɗaya inda ba a tanadi malami ba. Gyaran dokar 2004 yana hannun Majalisar Tarayya, kuma wakilan jihohin da yaransu suka fi cunkushewa a aji su ya kamata su fara gabatar da ƙudurin. Mai karatu, idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi yara nawa ne a aji ɗaya a mazaɓarsa.