Kauru Da Kason Man Fetur

Sanin kowa ne cewa Ƙaramar Hukumar Kauru, kamar sauran 'yan'uwanta 22 na Jihar Kaduna, duk ƙarshen wata idonta na kan Abuja, tana jiran kasonta daga asusun tarayya, wanda man fetur ne ginshiƙinsa. Da wannan kaso ake biyan malaman firamare da ma'aikatan ɗakunan shan magani. Ke nan, ranar da mai ya faɗi a kasuwar duniya, ɗan makarantar ƙauye ne zai fara ji a jikinsa. An ga haka a 2015, lokacin da jihohi da dama suka kasa biyan albashi, sai da Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, don kuwa zaluncin masu karɓa ya kai intaha. Sai dai kuma tun daga nan kuɗin shiga na gida bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Madalla, amma rijiyar dai ita ce ta jiya.

Kauru ƙasar noma ce, ga masara, ga shinkafa, ga rake. Lalle ne kuɗin kasuwa da na tasha su riƙa shiga baitulmali da rasit, a kuma bayyana wa jama'a gadar da aka gina da su. Manomin da ya ga aiki ba zai ƙi biya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.