Guɗar Aza Harsashi Da Shirun Rufin Da Ke Yoyo



Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki a ƙasar nan ta Gana, shugabanni da talakawa baki ɗaya. Idan aka ce za a aza harsashin sabon asibiti, sai a kafa rumfuna, a kira makaɗa, sarakuna su yi ado, mata su rangaɗa guɗa. Idan kuwa aka ce an ware kuɗi don sauya bututun ruwa da wayoyin lantarki a tsohon asibiti, ba mai ko ɗaga kai. 'Yan siyasa sun karanci wannan hali namu sarai, shi ya sa kowace jam'iyya ke zuwa mana da hoton ginin da ba a yi ba, tana barin wanda aka yi yana ruɓewa. Ni kuwa ina ganin kuɗin gyaran asibiti ya fi kuɗin sabon gini amfani ga marar lafiya, ya kuma fi shi amfani ga saurayin Aboabo ko Asawase ko Nima da ke zaune da sana'a a hannu ba aiki.

Mu ɗauki Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi, wanda har yau mutanen gari ke kira "Gee", da sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950. Asibiti ne mai gado wajen 1,200, kuma can ake tura marasa lafiyar da suka gagari ƙananan asibitoci, daga yankin Asante har zuwa arewacin ƙasa. Tsofaffin benayensa sun yi kusan shekara saba'in suna ɗaukar wannan nauyi ba tare da an yi musu gyara na a zo a gani ba, har rufi ya yi yoyo, bututu suka tsufa, wayoyi suka gaji. Sai a ƙarshen 2023 Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya miƙe da kansa ya buɗe gidauniyar neman dala miliyan 10 don a gyara su. Sarki ya yi abin da ya dace da sarki, kuma ya cancanci godiya. Amma a tsaya a yi tunani: asibitin gwamnati ne, ana karɓar haraji da sunansa, gwamnatoci na soja da na farar hula sun zo sun wuce a kansa, a ƙarshe sai da aka yi yekuwar taimako kafin a toshe rufinsa. Wannan abin kunya ne ga duk wanda ya taɓa riƙe kasafin kuɗin lafiya a ƙasar nan.

A cikin harabar wannan asibiti kuma akwai darasi na biyu. Tun zamanin mulkin Janar Acheampong, a shekarun 1970, aka soma ginin ɓangaren haihuwa da na yara. Aka yi watsi da shi fiye da shekara arba'in, rana na dukansa, ruwa na dukansa. Da aka tashi ƙarasa shi bayan 2020, sai masana gini suka ce ya lalace, ba zai ɗauki nauyi ba, dole aka rushe shi aka koma farko. A Akra ma an rushe Babban Asibitin La a 2020 da alkawarin sabo, jama'ar unguwar suka shafe shekaru suna kallon fili. A 2021 aka ƙaddamar da shirin Agenda 111 na gina asibitoci 111, amma har wa'adin gwamnatin da ta fara shi ya cika, kaɗan ne ƙwarai aka buɗe. A tsakanin nan, cikin Disamba 2022, ƙasa ta dakatar da biyan yawancin bashin da ake bin ta a waje, ayyukan da suka dogara da rancen waje suka tsaya cik. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

To, ina kuɗin babban gini ke tafiya? Irin waɗannan ayyuka galibi da rance ake yin su, kuma mai ba da rance yakan zo da kamfaninsa. Zanen gini daga waje, manyan injiniyoyi daga waje, kaya masu tsada a cikin kwantena ta tashar Tema. Abin da ke saura wa ɗan gari shi ne lebura da gadi da dakon siminti, na shekara biyu ko uku, ranar da aka yanke kirtani a sallame shi. Bashin kuwa yana nan, da dala ko yuro za a biya, jikokinmu ma sai sun taɓa.

Kuɗin gyara wata hanya yake bi. Ba a kiran kamfani daga Turai don a sauya kwanon rufi, ko a buɗe magudanar da ta toshe, ko a yi wa gadon marar lafiya walda. Aikin birkila ne da kafinta da mai gyaran famfo da mai haɗa wuta da mai fenti da mai saka tayil da makanikin janareta da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da telan da zai ɗinka labule da rigar katifa. Waɗannan duka muna da su a zangunanmu, kuma Kumasi na da Suame Magazine, inda dubban maƙera da makanikai ke ta da injin da mai shi ya fid da rai. Da sidi ake biyan su, a kasuwar gari suke sayen ƙusa da katako, mai waake da mai koko a bakin ƙofa su ma su samu. Babban abin kuma shi ne gyara ba ya ƙarewa. Asibiti gida ne da ba a rufe shi dare da rana, famfonsa da wutarsa ba su hutawa, saboda haka mai kula da su yana da aikin shekara da shekaru, har ya yaye almajirai a ƙarƙashinsa.

Na san abin da masu ja za su ce. Za su ce jama'a ta ƙaru, akwai gundumomin da ba su da asibiti ko ɗaya. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a hana su. Amma wanda ya kasa ciyar da doki ɗaya, da me zai ciyar da ɗari? Kowane sabon asibiti da aka buɗe ba tare da kason gyaransa a kasafin shekara ba, kango ne aka yi wa fenti, shekaru kawai yake jira. Za su kuma ce kuɗin gyara ya fi saurin shiga aljihu, domin ba a ganinsa kamar yadda ake ganin bene. Wannan hujja ce ta a sa ido, kuma gyara ya fi sauƙin sa ido: kowace mai jinya ta san ko famfon ɗakin na kawo ruwa ko ba ya kawowa, alhali ba ta da hanyar sanin rodi nawa aka binne a harsashi.

Magabatanmu ma sun san wannan. Malaman fiƙihu da suka yi bayanin wakafi sun hukunta cewa abin da wakafi ya samar, da gyaransa ake farawa kafin a raba wa masu cin moriyarsa, domin idan asali ya rushe moriya ta yanke. Dukiyar jama'a amana ce irin wannan. Wanda ya bar ta ta lalace don ya gina wata da za a rubuta sunansa a jikinta, almubazzaranci ya yi, ko da an yi masa tafi.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, da murya ɗaya. A ware wa kowane asibitin gwamnati kason gyara a kasafin kowace shekara, a kuma sake shi a kan lokaci. A rarraba kwangilar gyara ƙanana-ƙanana, yadda ƙaramin kamfanin gari zai iya nema, maimakon a dunƙule ta a miƙa wa mutum ɗaya mai uwa a gindin murhu. A sa sharaɗin ɗaukar masu koyon sana'a daga unguwannin da ke kewaye da asibitin. Asusun Raya Zanguna, wanda aka kafa da doka a 2017, ya sa hannu wajen biya wa matasanmu kuɗin jarrabawar sana'a da rajistar kamfani.

Nan ne kuma namu laifin yake. Gwamnati ba ta ba da kwangila da baki. Tana neman takardar rajista da shaidar biyan haraji, mai haɗa wuta kuma sai da lasisin Hukumar Makamashi. Da yawa daga gwanayenmu sun shekara ashirin suna aiki mai kyau ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai wani mai takarda ya karɓi aikin, ya ɗauke su a matsayin 'yan ƙwadago, ya ba su abin da ya ga dama. Masu sana'a su haɗu biyar-biyar ko goma-goma su yi rajista. Iyayen gida su tura yaransu su zauna jarrabawar sana'a. Sarakunan Zango da limamai su riƙa tuna wa jama'a wannan kamar yadda suke tuna musu rajistar zaɓe.

Idan kuma ɗan takara ya sake zuwa fadar Sarkin Zango da hoton sabon asibiti, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi nawa ya ware don gyaran wanda matanmu ke haihuwa a cikinsa yau, kuma su wa za su yi aikin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a sana'ar 'ya'yanmu. Wassalam.