Tallafin masu fasaha: Zai kai ga matasan Yankwashi kuwa?

A watan Maris na 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 domin matasa masu fasahar zamani da ƙirƙira. A shekarar ce kuma aka ware wa fasaha da al'adu ma'aikata, aka naɗa Hannatu Musawa minista.

Sai dai irin wannan tallafi galibi ta intanet ake nemansa, da Turanci. Matashin da ke koyon ƙira, dukanci ko kiɗan gargajiya a Yankwashi, Roni ko Gwiwa da wuya ya ji labarinsa, balle ya cike fom. A wurin maigidansa yake koyo, kuma da kaka ta wuce sai ya tafi ci-rani Kano, koyon ya tsaya.

A Ostireliya, hukumar Creative Australia na bai wa 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, kuɗi domin dattawa su koyar da matasa. Jigawa za ta iya yin haka: Masarautar Kazaure ta tantance gwanaye ta hannun sarakunan sana'a, gwamnati ta riƙa biyan maigida da yaronsa alawus. In ba haka ba, duk gwanin da ya rasu, da sana'arsa zai tafi.