Sai Bature Ya Tono Mana Faifanmu?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara da tona asirin kaina. Shekarata goma ina gabatar da shirin kaɗe-kaɗe a rediyo, ina taƙama da diflomar aikin jarida, amma sai bara na fara jin faifan "Jazz, Jazz, Jazz" na ƙungiyar The Scorpions ta birnin Khartum tare da mawaƙi Saif Abu Bakr. Wani ɗalibi da yaƙi ya koro daga Omdurman ne ya turo mini shi a waya. Da ganga da jita da ƙahonnin busa suka tashi, sai na ji salon da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Sau uku na saurare shi a jere. A Kuwait aka fitar da faifan a 1980, ba a ma haife ni ba. Duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 2018, da kamfanin Habibi Funk na Berlin ya sake buga shi.

Kunyar da na ji ta fi daɗin yawa. Mu da muke zaune gaban makirfo kullum, me muke yi har sai wani ya taso daga Jamus ya nuna mana abin da ke bayan ɗakinmu? Ba na ganin laifinsa. Aikin da muka ƙi ne ya yi.

Bin sawun faifan ya kai ni ga abin da ya fi ciwo. Mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, a 1942, tamu ce: A'isha Musa Ahmad, wadda ake kira A'isha al-Falatiya. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta zaunar a Sudan. Ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Na tambayi abokan aikina shida, ko mutum ɗaya bai taɓa jin sunanta ba.

Na san amsar manajoji: mai sauraro sabo yake so, mai talla kuma mai sauraro yake bi. Wannan uzurin malalaci ne. Wa ya koya wa mai sauraro son abin da yake so, in ba mu ba? Waƙar da muka maimaita sau ashirin a rana ita ce yara ke rerawa a kan hanyar makaranta. Daren da na sa faifan The Scorpions, waya ba ta huta ba, kuma matasa ne masu kiran.

Zancen ya wuce nishaɗi. A Afrilun 2023 dakarun RSF suka mamaye ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda taskar muryoyin Sudan take tun kafa gidan a 1940. Sai a Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi. Kusan shekara guda wannan taska na tsakiyar fagen daga. Su yaƙi ne ya faɗa musu. Mu fa? Da idona na ga an ɗora tallar sabulu a kan kaset ɗin hira da Mamman Shata a wata tasha da na yi aiki, wai babu kuɗin sayen sabo.

Abin da nake nema kaɗan ne. Kowace tasha ta ware awa ɗaya a mako don tsofaffin faifai, tare da bayanin wanda ya yi, da inda aka yi, da shekarar. A kwashe kasakasan da ke cin ƙura a sito a zuba su a kwamfuta, a ajiye kwafi a wani gari daban. Mai gabatarwar da bai san Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge da A'isha al-Falatiya ba, a mayar da shi ɗakin ajiya ya saurara kafin a sake ba shi makirfo. Ni na riga na koma.

Da tsohuwar zuma ake magani. In muka zubar da tamu, kada mu yi kuka ranar da za a sayar mana da ita da kuɗin Yuro.